Aibin Katun ɗin Sagir

Ƙarfe ɗaya da rabi injinan kamfanin robobi na Challawa ke yin shiru, ma'aikata su fito cin abinci. Tun da Sagir mai injin narka roba ya sauke wani katun na Japan a wayarsa, inuwar ɗakin maigadi ta koma silima.

Katun ɗin na yaƙi ne. Sagir ya riga ya karanta littafin zanen da aka ciro labarin, don haka bakinsa ba ya hutawa. Zanen dai ya yi, in ji shi, kiɗan ma na tayar da tsikar jiki. Amma sun yanke rabin labarin, kuma jarumin ya cika wa'azi ana tsakiyar harbi.

Maigadin, Malam Alhassan, kallo kawai yake yi. Shekara uku ke nan da ya zo daga yamma, da tabon ƙuna a hannun dama. Maganarsa ƙasa-ƙasa, ba wanda ya taɓa jin dariyarsa. In aka tambaye shi garinsu sai ya ce, "Babu garin yanzu." Daga nan ba mai ƙara tambaya.

Safiya ta sashen bokitai ce kaɗai ke zama kusa da shi. Bazawara ce, ita ma 'yan bindiga suka raba ta da gida, kuma ba ta taɓa ba kowa labarin ba. Kullum takan raba abincinta biyu, ta ba shi rabi. Har an sa ranar aurensu bayan Sallah.

Ran Laraba aka kai kashi na tara. Sojoji suka kewaye wani ƙauye suka cinna masa wuta, wata yarinya ta ɓuya a ƙarƙashin daɓen katako ta tsira. Alhassan ya matso har numfashinsa na taɓa wayar.

"Malam, ku da kuka gani da ido, yaya?" in ji Sagir.

"Ƙarar jinkar nan da ke cin wuta haka take," in ji Alhassan. "Gudun dabbobin ma haka. Wuri ɗaya suka yi ƙarya. Ba a barin kowa."

"Ana bari, Malam."

Safiya ce. Ta ajiye cokali, idonta na kan kwano.

"A Unguwar Ƙirya an bar ni. Cikin rumbu na shiga da 'yata, na ja dawa na rufe mu. Ta fara kuka, na toshe mata baki. Da suka tafi na ɗauke hannuna, ashe ta daɗe da cikawa." Ta ture kwanon gefe. "Ban ga fuskar kowa ba. Amma babbansu ya tsaya jikin rumbun yana dariya. Dariyar nan ko a kabari na ji ta, zan gane mai ita."

Sagir ya kife wayar. Wani ya yi salati a hankali.

Idanun Alhassan suka kaɗa suka yi ja. Ma'aikata suka kawar da kai, don ba a zura wa namiji ido a irin wannan hali.

"Allah ya isar miki," ya ce. "Yau kada ki hau Keke Napep. In an tashi ni zan raka ki, ta hanyar bakin kogi, ta fi sauƙi."

Ta gyaɗa kai tana share hawaye.

Ƙararrawa ta buga, injina suka tashi. Alhassan ya zauna shi kaɗai, ransa na tafasa. Ranar nan a Unguwar Ƙirya, da bakinsa ya ce wa yaransa su duba rumbuna ɗaya bayan ɗaya, suka dawo suka rantse masa ba kowa.