Muryar Sa'ade a Gefen Shafi

Ranar da labarin rasuwar 'yarta Sa'ade ya iso daga makaranta, Larai tana tsakar gida tana tankaɗe. Bayan sadakar bakwai, Hajjo, ƙawar marigayiyar, ta kawo mata wayar Sa'ade.

A zamanin nan ɗalibai ba sa karatu su kaɗai. Duk wadda ta karanta littafi a waya takan bar muryarta a gefen shafi don ƙawaye su ji. Sai dai doka ta ce muryar mamaci sau ɗaya ake ji, sannan ta goge.

Hajjo ta taɓa wani shafi. Sai ga Sa'ade tana dariya: "Ke Hajjo, sarkin barci! Kin iso nan kuwa? Wallahi wurin nan ya fi shinkafar Juma'a daɗi."

Larai ta riƙe baki. "Maimaita mini, 'yar nan."

"Inna, muryar ta tafi ke nan."

"Saura nawa?"

"Shafi tara."

Larai ta kife wayar, ta ce kada a sake taɓawa.

Bayan kwana biyu Hajjo ta dawo. "Inna, lalacinmu ya yi rana. Littafi goma sha ɗaya Sa'ade ta turo mana da muryarta a ciki, ta matsa mana mu karanta, ba wadda ta buɗe. Duk mun turo miki."

Larai a aji uku na firamare ta bar makaranta. Yanzu kullum bayan asuba takan bi shafi ɗaya da yatsa, tana haɗa baƙi har ƙarshe, kafin ta taɓa muryar. So take ta san abin da yake ba 'yarta dariya.