Takardar da Ke Ƙasan Akwatin Baba

Ƙamshin kafur ne ya cika ɗakinmu na unguwar Aziziya, a ƙasa mai tsarki, lokacin da Baba ya buɗe tsohon akwatinsa. Bayan la'asar ne, dawowarsa ke nan daga Bi'ir Ali, inda yake tuƙa motar alhazai, ko rigar aiki bai cire ba. Ina da shekara tara, ni da ƙawata Balarabiya muna aikin makaranta.

Ya zaro wata takarda da ta yi ja don tsufa, ya shimfiɗa ta a hankali kamar mai kwantar da jariri. Hotonsa ne yana saurayi, da babbar riga da hula a karkace. A ƙasa an rubuta sunan mazaɓar garinsu, can gida.

"Uwata, faɗa wa ƙawarki, babanki ya taɓa tsayawa takarar majalisa."

Ƙawata ta dubi hoton, ta dubi rigar aikinsa, ta rufe baki tana dariya. Sai na taya ta, na ce da Larabci don ta ji:

"Abuya, wa zai zaɓi direba?"

Ya yi murmushi. "Haka ne, uwata." Ya ninke takardar. Ban ƙara ganin ya buɗe akwatin ba.

Har yau in na ji kafur, kaina sunkuyawa yake. Sai bayan rasuwarsa baffana ya gaya mini cewa Baba ne ya ci zaɓen. Kafin a rantsar da su aka rushe majalisar, daga baya aka haɗe mazaɓar da maƙwabciyarta, har sunanta ya ɓace.