Amanar Kyamarar Malam

"Allah ya sa dillalin Kano bai riga ni ba," Najmuddeen ya faɗa a ransa, yana dirowa daga acaɓa a ƙofar gidan Hajiya Talatu. Babur ɗinsa ya sayar saboda kyamarar nan da ya zo saya. Ta ɗaukar hoton taurari ce, mai sanyaya kanta da kanta, kuma a saninsa duk Azare malaminsa, marigayi mijin Hajiya, shi kaɗai ya mallaki irinta.

"Dillalin ya zo jiya," in ji Hajiya bayan sun gaisa.

Najmuddeen ya ɗago kai da sauri.

"Na hana shi. Ɗalibin Malam ya fi cancanta. Biyo ni."

Ta wuce ta gaban ɗakin marigayin ba ta ko leƙa ciki ba, sai rumfar da take ƙulla zoɓon sayarwa. Ta ɗaga murfin firiza.

Ga kyamarar kwance a tsakanin ledojin zoɓo, ruwa na ɗiga daga kafofinta, tsatsa ta cinye mazaunin wayoyin. Da kallo ɗaya Najmuddeen ya gane ta gama lalacewa.

"Kullum Malam cewa yake ba ta aiki sai da sanyi," ta ce. "Tun da ya rasu ban bari ta ji zafi ba. In an ɗauke wuta, ƙanƙara nake saya in zuba mata. Na riƙe amanar daidai ko, ɗana?"

Ya dubi tsatsar, ya dubi idanunta. Sai ya miƙa mata kuɗin babur ɗin da hannu biyu.

"Daidai, Hajiya. Malam ya yi dacen mata."