Mai Fenti da Tsohuwar Jita

Ka ce za ka sabunta kayan da tsohonka ya bari. To, saurara.

An yi wani mai fentin mota a Jos. Yana da wa, makaɗin jita, wanda a zamanin haƙar kuza yake yi wa leburori wasa ranar hutu. Jitar ta lantarki ce, ja, ƙirar Japan, muryarta da 'yar dusashewa kamar ta wanda ya tashi daga barci. Wan ya rasu da ƙuruciya, aka sayar da kayansa wajen rabon gado, jita ta shiga duniya. Ƙanen ya yi aure, ya yi 'ya'ya, ya yi furfura. Babu hoto, har fuskar wan ta soma ɓace masa, amma muryar nan ba ta bar kunnensa ba. Duk inda ya ji an sauke gwanjo sai ya je ya duba. Ya ga jita iri-iri, kowace aka kaɗa sai ya girgiza kai ya wuce. Wata rana a Sabon Garin Kano ya ga irinta jingine a bayan tsofaffin rediyo. Fenti ya koɗe, wuya ya yi baƙi inda yatsu suka ci shi, ƙarafan da ke ɗaukar sauti a ƙarƙashin tsirkiya duk sun yi tsatsa. Mai shago ya jona ta da sifika, ya ja tsirkiya ɗaya. Sai ga muryar nan ta fito. Mai fentin ya lalubi benci ya zauna. Abin da aka faɗa masa shi ya biya. Mai shago ya ce, "Baba, ko ragi ba za ka nema ba?" Ya ce, "Ba a tayin ɗan'uwa."

Amma mai fenti ne. Hannunsa bai taɓa ganin tsatsa ya wuce ba. Ya ce a ransa abin kunya ne ya bar muryar wansa cikin tsumma. Ya goge jita da samfefa, ya fesa mata ja kamar yadda yake yi wa mota. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ga ƙarafan nan sun ɓata masa aiki, ya kai wa mai gyaran rediyo ya cire su ya sa sababbi masu ƙyalli. Ranar Juma'a bayan masallaci ya tara 'ya'yansa su ji muryar baffansu da ba su taɓa gani ba. Ya jona, ya ja tsirkiya. Sauti ya fito tar, da ƙarfi, irin na kowa. 'Ya'ya suka yaba. Shi kuwa ya ajiye ta, ya sa takalmi, ya nufi mai gyara. Ya tarar an zuba wa 'yan jari-bola tsofaffin ƙarafan, su kuma sun loda wa mota ta tafi inda ake narkarwa. Ya bi bola-bola yana tona da sanda, bai samu ba.

Jitar tana nan rataye a zaurensa. Duk wanda ya shigo sai ya yabi kyanta. Shi yakan zauna ya ba ta baya.

Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira a rasa ido.