Ranar da Baba Ya Zo Kallon Wasan Marafa

Baba bai yarda da wasan da muke yi a makaranta ba tun da ya ji ana ba mu marafan kwalba a matsayin kuɗi. A ganinsa caca ce. Bayan azahar ya jingine kekensa a gindin bishiyar dogon yaro ta makarantarmu a Tsafe, ya tsaya ya harɗe hannu.

Malama ta zana gidaje a ƙasa kamar na dara. Ni ce inji, ba na motsi sai an umarce ni, kuma kowane umarni marfi ɗaya ake biya. Ta miƙa wa Baba marfi biyar.

"Malam, ka kai ta wurin randar can."

Ya juya marfi ɗaya, har ya sunsuna shi, sannan ya ce, "Matsa gaba." Na taka gida ɗaya na tsaya. Haka ya yi ta faɗa har marafan suka ƙare, ban kai rabi ba.

"Da ka ce in maimaita sau goma, marfi biyu sun isa," na ce masa.

Ya dubi Malama. "To, wa ke cin waɗanda na rasa?"

Yau manhajar kwamfuta nake rubutawa a Gusau. Duk wanda ya ce mini abu kyauta ne, tambayar Baba nake fara yi masa.