Shuɗin Tawada a Wutsiya

Ɓera na tara ma bai ɓata hanya ba. Ya ratsa lungunan akwatin gwajin kamar gidan ubansa, ya je ya cafke abincinsa.

Dakta ta ajiye biro. Shekara ashirin tana koyar da cewa duk abin da aka koya, sinadarin furotin ne ke ɗaure shi a mahaɗar jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Allurarta tana hana furotin ɗin samuwa. Ɓeran da ta yi wa allura takan shafa masa shuɗin tawada a wutsiya, kuma dole ya wayi gari ya manta hanya. To ga su tara, babu wanda ya manta komai.

Lallai wani ke musanya mata su. Bayan ita kuwa mutum ɗaya ke riƙe da makullin ɗakin ɓerayen, tsohon da ke ba su abinci, wanda kwanan nan ba ya yarda su haɗa ido.

"Baba, me kake ɓoye mini?"

"Ni, ranki ya daɗe?"

"Jiya na ga hannunka a aljihun farar rigata."

Tsohon ya buɗe firji, ya jawo wani ƙaramin kwali daga ƙurya. Sirinji tara ne a jere, kowanne cike fal, da rubutun hannunta a jiki.

"Tawadar kina shafawa, Dakta," ya ce a hankali. "Allurar ce kike mantawa a aljihu. Shekaranjiya ma sai da na nuna miki kwalin nan."