Wutar Gindin Ɗorawa

Ka ce bakanike ya gaya maka babur ɗinka yana bakfaya, kana so ka san asalin maganar. To, Jatau, kalmar Turanci ce, kuma in ka warware ta ba ta wuce wutar da ta juyo baya ba. Bakanike yakan faɗe ta in inji ya yi tari, wuta ta fito ta salansa maimakon ta ci a inda aka tanadar mata. Mu da muka yi aikin gandun daji, da ita muke kiran wutar da ake kunnawa da gangan don ta tari gobara. Masu harshen kuma sukan jingina ta ga duk dabarar da mutum ya ƙulla wa wani ta kwance a kansa. Gyara zama in ba ka misalin da ya haɗa biyun ƙarshen nan.

Akwai wani manomi da ya yi iyaka da wani mai kiwon zuma. A kan iyakar akwai itatuwan ɗorawa, mai zuman ya rataya amyoyinsa a rassansu. Wata rana da kaka ƙudan zuma suka far wa san manomin yana ɗaure a inuwa, ya tsinke igiya, ya faɗa kwazazzabo ya gurɗe ƙafa. Mai zuma ya zo har gida ya jajanta, ya ce a yi masa haƙuri zuma ta nuna ya ɗiba, sai ya mai da amyoyin can bakin rafi. Manomi ya amsa da baki, amma zuciyarsa ba ta amsa ba. Kullum ya ga san nan yana ɗingishi, sai abin ya dawo masa sabo.

Lokacin an gama yankan dawa, dammunansa suna tsibe a gona ba a kai gida ba. Ciyawar gindin ɗorawa ta bushe ƙayau, ta kai ƙugun mutum. Ya lura da safe iska takan taso daga gonarsa ta bi ta kan itatuwan ta gangara rafi. Sai ya yi lissafi cewa in ya sa wuta a ciyawar, za ta lashe amyoyin ta je ta mutu a yashin rafi, kowa ya ce aikin mafarauta ne. Ranar kasuwa, da gonaki suka yi tsit, ya je ya ƙyasta ashana.

Da farko wutar ta bi umarninsa. Ta haye itacen farko, amyoyi biyu suka kama, ƙudan zuma suka tashi kamar hayaƙi a cikin hayaƙi. Yana tsaye yana kallo sai ya ji iskar da ke dukan bayansa ta tsaya, can kuma ya ji ta a fuska. Wata 'yar guguwa ta sunkuci ciyawa mai ci da wuta ta watsa a cikin karan gonarsa. Ya karyo ɗanyen reshe yana bugu, reshen ya ƙone. Ya tuɓe riga yana bugu da ita, ita ma ta kama, hannuwansa suka sale har gwiwar hannu. Wuta kuwa ta miƙe sak wajen abincin iyalinsa na shekara.

Mai zuma ne ya fara isowa, don ya hango hayaƙi daga hanyar kasuwa, da wasu maƙwabta a bayansa. Bai dubi amyoyinsa ba, gonar ya duba. Akwai hanyar amalanke da ta ratsa ta, tsibin dawa ɗaya yana tsakanin hanyar da wutar, sauran suna ƙetare. Ya ce wa manomi, "Maƙwabci, wannan tsibin ya riga ya tafi. In ka yarda in sa masa wuta da kaina, sauran za su tsira." Manomi ya ɗaga kai alamar ya yarda.

Suka jeru a bakin hanyar, suka share karan da ke kanta, suka cinna wuta a gefen da gobarar take tahowa, suna kashe duk tartsatsin da ya tsallako. Sabuwar wutar ta ci kara ta ci tsibin, tana rarrafawa wajen tsohuwar. Da suka haɗu suka yi tsalle sama sau ɗaya, sai suka kwanta, don babu abin da ya rage wa ɗayarsu ta ci.

Maƙwabta suka yi ta tsine wa mafarauta. Mai zuma dai bai sa baki ba, ko da yake ya ga inda toka ta fara, ya kuma san babu mafaraucin da ke sa wuta a bakin gonar mutane. Da la'asar ya hau itacen da wuta ba ta kai ba, ya fasa amya ɗaya tun ba ta gama nuna ba, ya kawo zumar a ƙwarya. Shi ya zauna ya shafa wa manomi ita a ƙunar hannuwansa, a hankali, har ya gama. Manomin kuwa kansa na sunkuye, bai iya haɗa ido da shi ba.

Shi manomin ya yi lissafin ashana, ya yi na ciyawa, ya manta iska ba baiwarsa ba ce. Abin da Hausawa suka gani ke nan tun kafin a ƙera babur, suka ce ƙaiƙayi koma kan masheƙiya.